Tafiyarmu Ɗauko Shaida a kan Gonar Alhaji Ilu

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a kasuwar Makoda a tare ni, har mai facin nan da ba mu taɓa wuce gaisuwa ba ya ajiye taya ya ce in ba shi labarin Nijar. Wasu ma sun ɗauka fatauci na je, suna cigiyar dabino. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji, don bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba.

Ga wanda bai sani ba, a ƙauyenmu akwai gonar waƙafi. Marigayi Alhaji Ilu ne ya bayar da ita saboda Allah tun ina ƙaramin yaro, ba a sayar da ita, ba a gadonta. Da gayya ake noma ta, a zuba geron a sito a kulle, sai tsakiyar damina, lokacin da rumbunan talakawa suka ƙare, sannan a buɗe a raba. Amfanin abin shi ne kada magidanci ya bar gonarsa ciyawa ta cinye, ya tafi ƙwadago a gonar wani saboda tuwon yau. Ni Sabo, ni ke riƙe da mabuɗin siton. Kuma tun da na san rabon nan, ana kai kaso unguwar su Tanko da ke tsallaken fadama. Zuriyar Maguzawa ne, yawancinsu yanzu Kirista, gonakinmu da nasu iyaka ɗaya.

Bana aka sabunta kwamitin gonar, aka sa Malam Nura sakatare. Matashi ne mai karatu, ba shi da mugunta, sai dai idan ya riƙe magana ko za a kwana ba ya saki. Shi ya ce dukiyar da aka keɓe don Allah ba a raba ta da “haka muka tarar”, yana ganin Musulmi kaɗai ya kamata su ci, kamar zakka. Raina ya ɓaci, na faɗi maganganun da ba sai na maimaita su nan ba. Liman ya bari muka gama huci, sannan ya ce zakka daban, waƙafi daban. Waƙafi sharaɗin mai bayarwa yake bi, ba ra’ayin Nura ba, ba kuma sabon da Sabo ya yi ba. Tambaya ɗaya ce: me Alhaji Ilu ya faɗa ranar da ya bayar?

Nan fa gizo ke saƙa. A wancan zamanin baki da baki aka yi, gaban shaidu biyu. Ɗaya ya rasu. Ɗayan, Baba Isa, wanda ya daɗe yana yi wa Alhaji aikin gona, ya koma garinsu a ƙasar Damagaram, gaba da Matamai, kuma tsufa ya kama shi sosai. An gwada waya, kunnensa ya yi nauyi, Liman kuma ya ce ba zai karɓi shaidar da bai san wa ke tsaye bayan mai ba da ita ba. Ya yanke cewa mutum biyu su je su ji daga bakin tsohon, su dawo su faɗa, maganarsu ta zo ɗaya. Kafin nan sito zai zauna a kulle. Da ya tashi zaɓen mutum biyun, sai ya zaɓe ni da Nura. Har yau ban sani ba ko hikima ce ko horo.

Ana gobe za mu tafi na haɗu da Tanko a bakin fadama. Tsarana ne, tare muka yi kiwon awaki, kuma ban da ’ya’yansa akwai marayun ƙanensa a wuyansa. Bai roƙe ni komai ba. Cewa kawai ya yi ciyawa ta taso, idan siton zai daɗe a kulle, shi kam zai nemi ƙwadago. Da wannan maganar na kwana, da ita na hau hanya.

Babur ya kai mu Dambatta, muka shiga motar Daura. Ni aka cusa a baya tsakanin buhun albasa da wata Hajiya mai kaji a kwando, Nura kuwa ya sami gefen taga yana ta lazimi kamar ba tare muke ba. Mun kusa Kazaure ƙamshin jakata ya tona min asiri. Maiɗakina ta haɗa min tsaraba irin wadda ake kai wa babba: goro, turare, sabulu, ƙuli-ƙuli da yadin shadda. Nura ya juyo ya tambayi abin da ke ciki, na gaya masa cikin alfahari. Sai ya ɗaure fuska.

“Malam Sabo, ko goro ɗaya ba za mu ba shi ba sai ya gama ba da shaida.”

Na ce wane irin rashin kunya ne mutum ya tsallake ƙasa ya shiga gidan tsoho hannu rabbana? Ya ce shaidar da kyauta ta riga ta, ko gaskiya ce, an sa mata tabo, kuma shi zai faɗa wa Liman abin da ya gani. Hajiya mai kaji ta sa baki ta goyi bayana, wani dattijo a gaba ya goyi bayan Nura, motar ta kasu biyu har Daura. Ni dai na rungume jakata, don a raina na san yaron bai yi ƙarya ba, haushinsa kawai nake ji.

Ban taɓa tsallake iyaka ba, saboda haka tun daga nesa da na hango shinge na fara laluben katina. Ɓangarenmu aka duba katinmu aka sallame mu. A ɗaya ɓangaren wani jandarma dogo ya fara da Faransanci, na yi tsuru-tsuru, sai ya juye zuwa Hausa garau, har ta fi tawa daɗi. Ya tambayi abin da ya kawo mu. Na buɗe baki na fara daga mutuwar Alhaji Ilu, na gangaro kan gayya, na shiga rigimar kwamiti, mutanen da ke layi a bayana suka fara tsaki. Nura ya matso ya ce wani tsoho za mu gaisar kuma mu tambaye shi wata magana ta addini. Shi ke nan, aka miƙo mana katinmu. Jandarman ya ce da ni, Malam, in an tambaye ka sunanka kada ka fara daga kakanka. Da muka je canji kuwa, mai canjin ya fara lissafi irin nasu, kaina ya ɗaure, na miƙa wa Nura aljihuna gaba ɗaya. Abin ya yi min ciwo, mutumin da nake fushi da shi ya zama shi ke saya min ruwa.

Abin da ya fara ba ni mamaki a can shi ne fili. Mu nan ko’ina ka taka gonar wani ce, idan akuyarka ta yi tsalle ɗaya ta shiga shari’a. Can kuwa sai ka yi ta tafiya gero na nan tsaye, ba ka ga mai shi ba, ba ka ga gidansa ba. Rumbunansu kuma a bayan gari suke jere, ba mai gadi. Na tambayi na kusa da ni ko ba a sata, ya dube ni kamar na zage shi. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa ya kusa cire min haƙori. Achaba kuwa kabu-kabu suke ce masa, sai da na yi ta ɗaga hannu ina kiran achaba ba wanda ya waiwayo.

A Matamai yamma ta yi mana, motar ƙauyen su Baba Isa kuma sai ranar kasuwa. Wani mai sayar da yadi, asalinsa mutumin Rimin Gado, ya ji harshenmu ya ce ba za mu kwana a tasha ba, ya sauke mu a zaurensa. Aka kawo kwaɗon zogale, su kopto suke ce masa, ya sha ƙuli da barkono, sannan aka ɗora shayi. Wannan shayin ya gwada haƙurina. Ɗan kofi ne kamar murfin kwalba, a dafa, a juya, a sake juyawa, a sha, a sake ɗorawa, kuma tashi kafin a gama rashin ladabi ne. Su suna hira hankali kwance, ni kuwa hadari nake kallo yana haɗuwa ta kudu, ina cewa a raina yanzu haka ruwa na sauka a gida, ciyawa na ƙara tsawo a gonar Tanko.

Cikin hirar ne mai masaukinmu ya ba mu labarin ɗakin hatsin sadaka na unguwarsu. Kwaɗo biyu ne a ƙofar, mabuɗi ɗaya a hannun na’ibin liman, ɗaya a hannun wata tsohuwa da matan unguwa suka zaɓa, don su suka fi sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba. Ba a buɗewa sai su biyun suna tsaye. Ni da na shekara da shekaru ina yawo da mabuɗin sito ni kaɗai a aljihu, sai na ji kamar da ni ake. Nura ya kalle ni ta saman kofinsa, na san kuma zai tayar da maganar nan gaba.

Washegari muka sami amalanken shanu mai zuwa ƙauyen su Baba Isa. Hanyar yashi ce zalla, shanun kuma ba su san ana sauri a duniya ba. Mai amalanken ya san Baba Isa. Da na tambaye shi lafiyar tsohon, sai ya ce, “To, yana nan dai.” Wannan “dai” ɗin ta tsaya min a rai har muka isa.

Babban ɗansa, Lawali, shi ya tarbe mu. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya, aka yi ta gaisuwa. Jakata na gefena a ɗaure, ƙamshin turare na tashi, kowa na ji, ni kuma ban buɗe ba. Wata tsohuwa ta leƙo ta dubi jakar, ta dube ni, ta koma. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Na san abin da ake faɗa a cikin gida: Kanawa sun zo, sun sha fura, sun zauna a kan kayansu.

Lawali ya ce hankalin tsohon yana zuwa yana tafiya, ya fi zama daidai bayan la’asar. Da lokacin ya yi aka shigar da mu. Yana kishingiɗe a kan gadon kara, ya rame ƙwarai, idanunsa sun yi fari-fari. Da ya ji muryata sai ya ce, “Garba, kai ne?” Garba mahaifina ne, ya daɗe da rasuwa. Na saci kallon Nura, domin na san idan ya ce hankalin tsoho ya gushe, shaidarsa ta faɗi ke nan, mun yi tafiyar banza. Aka yi masa bayani da ƙarfi a kunne, ya yi dariya ya ce muryar ce iri ɗaya, har da saurin maganar.

Nura ya matsa kusa ya fara gwada shi cikin ladabi. Ya tambaye shi wane wata muke ciki, ya faɗa. Ya tambaye shi iyakokin gonar, ya jero su: gabas gonar wane, yamma burtali, kudu tsamiyar da tsawa ta taɓa faɗa wa. Na ji sanyi a raina. Sai Nura ya zo kan ainihin maganar, ya ce ya gaya mana abin da Alhaji ya faɗa ranar da ya bayar da gonar. Tsohon ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo, yana motsa baki ba ya cewa komai. Ni kuma na ga kamar maganar na neman kuɓuce masa, ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba.

“Baba, ai har da mutanen tsallaken fadama ya ce, ko?”

Nura ya runtse ido. Tsohon ya juyo da fuskarsa wajena ya ce, “Yaro, kada ka sa min magana a baki. Kabari nake fuskanta.”

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Nura ya miƙe ya ce wannan zaman ya lalace, duk abin da tsohon ya faɗa yanzu za a ce ni na ɗora shi a kai. Sai dai a sake zama gobe, gaban limamin garin, ni kuma in zauna a bakin ƙofa. Na ce na yarda. Tsohon ma ya riga ya gaji, tari ya sarƙe shi, Lawali ya ce mu ba shi wuri.

Tuwon da aka kawo mana ban san ɗanɗanonsa ba. Ɗakin da aka ba mu bango ɗaya ne da na tsohon, ina jin tarinsa. In ya yi tari hankalina ya tashi, in ya yi shiru hankalina ya fi tashi. Tunanina ɗaya ne: idan Allah ya karɓi ransa kafin gari ya waye, da bakina na rufe wa su Tanko sito, ba Nura ba.

Allah ya sa ya kwana. Da hantsi limamin garin ya zo da wani dattijo, aka zauna. Nura ya fito da waya zai ɗauki murya, tsohon ya ce a mayar da ita, shi da mutane zai yi magana. Ni ina bakin ƙofa, na cusa gefen rawanina a baki don kada a maimaita ta jiya. Baba Isa ya yi bisimilla, ya ce bayan girbi ne, a gindin tsamiyar nan, Alhaji ya kira su su biyu ya ce su shaida. Alhaji ya faɗi cewa gonar ta Allah ce, a ajiye geronta sai damina ta yi tsakiya, a ba duk magidancin da rumbunsa ya ƙare cikin masu noma a kewayenta. Tsohon ya ce abokin shaidarsa ne ma ya tambaya ko har da Maguzawan tsallake.

“Sai Alhaji ya ce har da su, maƙwabtana ne, yunwarsu a kunnena take kwana. Haka na ji, ban ƙara ba, ban rage ba.”

Nura ya sake tambayarsa ta wata fuska, ya kuma sakewa, amsar ba ta canja ba. Sannan ya juyo ya ce min yanzu ina iya buɗe jakata. Ƙuli-ƙulin ya riga ya farfashe, goron ya fara yaushi, amma ban taɓa miƙa tsaraba da farin ciki irin na ranar ba. Tsohuwar nan da ta leƙo jiya ta fito ta karɓi sabulun, ta ce ai sun ɗauka jakar matashin kaina ce.

Kada ku ɗauka hankalina ya kwanta. A hanyar dawowa Nura bai ce min uffan a kan maganar ba. Muka wuce Matamai, muka tsallake iyaka, muka wuce Daura, yana kallon taga. Ni kuma ina ta saƙe-saƙe. Ba murya a waya, limamin can yana can. Idan ya tsaya gaban jama’a ya ce tsohon ya kira ni da sunan mamaci, kuma na sa masa magana a baki, bai yi ƙarya ba ko kaɗan, kuma hakan ya isa ya rushe komai. Na yi niyyar in roƙe shi, na tuna abin da bakina ya jawo min, na haɗiye.

Bayan sallar Juma’a aka taru a zauren Liman. Aka fara da ni, na faɗi abin da na ji. Aka juya kan Nura. Ai kuwa bai bar komai ba. Ya faɗi zancen Garba, ya faɗi suɓutar bakina, har da jakar tsaraba, mutane suna ta kallona. Na sunkuyar da kai na ce shi ke nan. Sai ya ci gaba, ya ce ya gwada hankalin tsohon ya same shi daidai, an sake zama gaban shaidu, ya kuma maimaita maganar Alhaji kalma bayan kalma. Ya ce ra’ayinsa na farko kuskure ne, sharaɗin mai gona shi ne abin bi. Liman ya ce a buɗe sito. Na zaro mabuɗin daga aljihu, muka nufi siton.

Ni da Nura muka kai kason tsallake a kan babur. Mun tarar Tanko bai iya jira ba, ya riga ya yi ’yan kwanaki yana ƙwadago, gefe ɗaya na gonarsa ciyawa ta kai gwiwa, ba na jin zai tsira da wannan gefen bana. Ya karɓi buhun ya yi godiya, ya sa aka kawo mana ruwa. Labari ya riga ya iso masa, ya san wanda ya tayar da maganar, ya san inda muka je. Ya tambaye ni ko tsohon yana da sauran ƙarfi. Na gaya masa gaskiya, na ce ba na jin zai ga wata daminar.

“To, in ya mutu fa, wani ya sake tayar da maganar?”

Na ce yanzu shaidar ta dawo wuyanmu mu biyu, ni kuma na kama hanyar tsufa, don haka ga wanda zai daɗe yana faɗa. Na nuna masa Nura.

Tanko ya daɗe yana kallon yaron da ya so ya hana ’ya’yansa gero. Nura ya kasa haɗa ido da shi. Can sai Tanko ya gyara tsayuwa, ya cire hularsa, ya ce, “Malam, Allah ya ja kwananka.”